Ma'aikacin Jinya da Ƙwaya ta Kama: Kada Mu Rufe, Kada Mu Yar

Duk wanda ya yi hidima a ikilisiyoyin kudancin Jihar Kano, daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, ya san darajar malamin asibiti a cikinmu. Yawancin iyalanmu manoma ne. Kafin ɗiya ɗaya ta gama makarantar jinya, an sayar da masara, an sayar da bijimi, wani lokaci an jinginar da gona. Da ta kama aiki, ita ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta tsananta, ita ke biyan kuɗin makarantar ƙanne, ita ce kuma a kan gaba a zumuntar mata.

To, mu ɗauka wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, mijin irin wannan 'yar'uwa ya ja fasto gefe ya ce, "Baba Fasto, akwai maganar da ta hana ni barci. Ina ganin fasassun kwalaben allura a jakar maman yara, cinyarta kuma duk ta yi tabo." Me za mu yi?

Abu biyu muka saba yi. Ko dai mu rufe maganar don kada a ji kunya, mu yi addu'a a ɗaka, mu nemi wani babba ya sa a yi mata canjin wurin aiki. Ko kuma mu kai ta gaban dattawa, a sanar a majami'a cewa tana ƙarƙashin horo, asibiti ya sallame ta, kowa ya kama gabansa. Ta farko tana barin marasa lafiya cikin haɗari. Ta biyu tana barin ita kanta cikin haɗari. Akwai hanya ta uku wadda wasu ƙasashe suka shafe fiye da shekara 40 suna bi, ita ce muke so mu bayyana a nan, mu kuma duba abin da za mu iya ɗauka daga cikinta.

Girman matsalar a wajenmu

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabata. A Jihar Kano, kashi 16 cikin 100 ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya a ƙasar, ɗaya mace ce. Abin lura kuma, kimanin mutum miliyan 4.6 magungunan asibiti masu kashe zafin ciwo suke sha ba bisa ƙa'ida ba, irin su tiramol da kodin. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya nuna irin ɓarnar da yake yi, har da a Kano.

Ma'aikacin jinya ɗan wannan al'umma ne, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Bambancinsa da sauran mutane shi ne makullin kabad ɗin magani yana aljihunsa. A asibitocinmu, ɗaya daga cikin magungunan da ke kama ma'aikatan lafiya shi ne allurar pentazosin, wadda ake kira penta. Ana yin ta ga wanda aka yi wa tiyata, da mai karaya, da mai ciwon sikila idan ciwon ya tashi. Akwai kuma tiramol, da diyazafam mai sa barci, da giya.

Da wuya a sami wanda ya fara don neman maye. Sau da yawa da ciwo na gaske ake farawa: ciwon baya daga ɗaga marasa lafiya, ciwon mara, raɗaɗin tiyatar haihuwa, ko sikila. Wani kuma rashin barci ne bayan aikin dare na mako guda, shi kaɗai a ɗakin da ya kamata a ce mutum huɗu ke ciki. Ya san sunan maganin, ya san awonsa, sai ya ce wa kansa, "Ni ma'aikaci ne, na san inda zan tsaya." Wannan sanin shi ne tarkon.

Yadda ƙwayar ke kama jiki

Irin waɗannan magunguna suna canza yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Da farko kwalba ɗaya tana isa. Bayan makonni jiki ya saba, sai an yi biyu ko uku kafin a ji abin da ɗaya take yi a da. Daga nan idan ba a samu ba, jiki ya tayar da ƙayar baya: gumi, hamma, majina, murɗar ciki, gudawa, ciwon ƙashi da rashin barci. A wannan mataki mutum ba daɗi yake nema ba, neman yake ya iya miƙewa ya tafi aiki. Penta kuma tana da nata tabon: inda ake yawan soka ta, fata da tsoka sukan taurare kamar itace, gyambo ya ɓarke ya ƙi warkewa. Yawan tiramol yana kawo farfaɗiya. Wanda ya daɗe yana shan diyazafam ko giya, idan ya bari farat ɗaya, yana iya yin jijjiga har ya rasa ransa. Saboda haka kada fasto ko dattijo ya ce wa irin wannan mutum ya zubar da komai yau ya shiga azumin kwana uku. Janye jiki daga ƙwaya aikin likita ne.

Sau da yawa ana tambayarmu, wannan zunubi ne ko ciwo? Amsarmu ita ce, akwai duka biyun, kuma kowanne da maganinsa. Ɗaukar maganin da ba naka ba sata ce. Rubuta ƙarya a littafin asibiti shaidar zur ce. Waɗannan suna bukatar tuba da furtawa. Amma canjin da ya auku a ƙwaƙwalwa ba ya gushewa ranar da aka tuba, kamar yadda wanda ya faɗo daga kan babur saboda gudun ganganci zai tuba a gafarta masa, ƙafarsa kuwa sai an ɗora ta.

Abin da rufewa ke jawowa

Ma'aikacin da ƙwaya ta kama yakan ɗauko maganin ne daga rabon marasa lafiya. Likita ya rubuta allura, a littafi an rubuta an yi, amma ruwa aka ɗura wa majinyacin, ko aka ba shi rabi. Matar da aka yi wa tiyata ta kwana tana ihu, a ce raki ne da ita. Wanda ke cikin maye kuma yana iya kuskuren awon maganin jariri, ko barci ya kwashe shi mai naƙuda tana zubar da jini.

A Amurka, a 2012, an kama wani ma'aikacin asibiti a jihar New Hamsha wanda yake yi wa kansa allurar da aka tanada wa masu tiyata, sa'an nan ya cika sirinjin da ruwan gishiri ya mayar. Yana ɗauke da ciwon hanta nau'in C, ya kuwa shafa wa mutum sama da 40. Bincike ya nuna cewa an riga an kore shi daga wasu asibitoci saboda zargin ƙwaya, amma yana barin wannan sai ya sami aiki a wancan. An ɗaure shi shekara 39. Duk lokacin da muka nemi a mayar da wani daga asibitin gari zuwa ƙaramin ɗakin shan magani a bayan dajin Falgore don a rufa masa asiri, irin wannan hanya muke buɗewa. Can ƙauye ba mai duba shi, kabad ɗin kuma nasa ne shi kaɗai.

Abin da kora ke jawowa

Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar soja ta 89 a 1979, ita ke yi wa ma'aikatan jinya rajista, ita ke ba su lasisi. Dokarta ta tanadi kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, wadda ke da ikon tsawatarwa, ko dakatarwa, ko soke suna daga rajista. Karkatar da irin waɗannan magunguna kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989. Waɗannan dokoki suna da amfani, ba ma raina su. Amma inda hukunci ne kaɗai ke jiran mutum, ba wanda zai fito ya ce a taimake shi, abokan aikinsa ma ba za su faɗa ba, don ba mai son a ce shi ya raba uwar 'ya'ya huɗu da abincinta. Sai kowa ya yi shiru har sai an yi asarar rai.

Wanda aka kora kuma ba ya daina sanin allura. Yakan koma unguwa ya buɗe kemis, ko ya riƙa yawo gida gida yana yi wa mutane allura, babu magani ga kansa, babu mai sa masa ido. Ga shi kuma muna cikin ƙarancin ma'aikata: a farkon 2024 magatakardan Majalisar ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ƙauyukanmu ne ke fara jin wannan rashi.

Hanya ta uku: sa ido da maidowa

A farkon shekarun 1980 ma'aikatan jinya na Amurka suka fara neman a canza salo. Jihar Fulorida ce ta yi doka a 1983 ta kafa shiri na musamman domin ma'aikatan jinya da shaye-shaye ya kama, yau kuma yawancin jihohin ƙasar suna da irinsa. Ga yadda yake tafiya.

Na farko, ana janye mutum daga bakin aiki nan take. Ba hukunci ba ne, kariya ce ga marasa lafiya. Na biyu, ƙwararren likita ya duba shi, ya tantance abin da yake sha, da ko akwai ciwon damuwa ko wani ciwon jiki a ƙarƙashi, sa'an nan a yi masa magani. Na uku, ya sa hannu a yarjejeniya a rubuce, wadda yawanci takan ɗauki shekara 3 zuwa 5. A cikinta ya yarda zai bar duk wani abin maye, zai riƙa halartar taron masu murmurewa irinsa, kuma za a riƙa gwada fitsarinsa ba tare da sanarwa ba. Ana iya kiransa kowace safiya a ce yau ne, ya je ya bayar. Rashin zuwa daidai yake da faɗuwa gwajin.

Na huɗu, ana mayar da shi aiki mataki mataki. Watannin farko ba ya riƙe makullin magungunan maye, ba ya aikin dare, ba ya aiki shi kaɗai, ba ya zuwa gidaje yin jinya. Ana naɗa wani babban ma'aikaci a wurin wanda ya san halin da ake ciki, yana rubuta rahoto a kai a kai. Na biyar, muddin yana cika sharuɗɗa, ana riƙe sirrinsa, lasisinsa yana nan. Idan ya karya, sai a sake janye shi, a ƙara magani, idan kuma ya ƙi, a miƙa shi ga hukumar ladabtarwa. Wanda ya sayar da ƙwaya ko ya cutar da majinyaci sosai, yawanci ba a karɓarsa a shirin.

Shin yana aiki? Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2008 ya bi diddigin likitoci 904 da suka shiga irin wannan shiri a jihohi 16 na Amurka. Bayan shekara biyar, kusan kashi 79 cikin 100 suna riƙe da lasisinsu suna aiki. Darasin a fili yake: ba kwanciyar asibiti ta wata ɗaya ce ke maido da mutum ba, doguwar kulawar da ke biyo bayanta ce, tare da sanin cewa akwai aikin da zai koma idan ya daure.

Wannan bai saɓa wa Littafi Mai Tsarki ba

A Galatiyawa 6:1-2 manzo Bulus ya ɗora wa masu ruhaniya nauyin maido da ɗan'uwan da aka kama cikin laifi, cikin tawali'u, suna lura da kansu. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita a nan, ita ce aka yi amfani da ita a Markus 1:19 game da masunta da ke gyaran tarunansu. Ba a yar da taru don ya yage, ba a kuma jefa shi ruwa da yagarsa. Zama ake yi a ɗinke shi.

A Littafin Firistoci sura 13 da 14, wanda ake zargin yana da cutar fata, firist yakan keɓe shi kwana bakwai, ya sake dubawa, wani lokaci ya ƙara bakwai. Ko bayan ya warke, komawarsa cikin jama'a mataki mataki ce. Ba a dogara ga bakinsa kaɗai ba, an duba. A Kubawar Shari'a 22:8 kuma an umarci mai gina gida ya yi wa rufin soronsa katanga don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Gwajin fitsari da raba mutum da makulli irin wannan katanga ce. Gafara kyauta ce, ranar da aka tuba ake samunta. Amana kuwa a hankali ake sake gina ta. Bulus ya ƙi tafiya da Yohanna Markus bayan ya gudu ya bar aiki, Barnaba ya ɗauke shi ya riƙe, shekaru bayan haka Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus don yana da amfani a hidima. Ikilisiya tana bukatar tsantsenin Bulus da haƙurin Barnaba a lokaci guda.

Abin da za mu iya yi a nan

Ba sai mun jira an kafa shiri na ƙasa ba kafin mu fara. Wuraren magani suna nan kusa da mu. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, da na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, wanda ke da sashen masu shaye-shaye. Ga mutanen Doguwa da Riruwai, hanyar Jos a buɗe take, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yake. Hukumar NDLEA tana ba da shawara ga masu neman bari, tana kuma da layin waya na kyauta. A Kiru ma akwai makarantar gyaran hali da gwamnatin jiha ta kafa a zangon mulki na 2011 zuwa 2015 domin matasa masu shaye-shaye. Ma'aikacin da allura ta kama dai ya fara da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Zuwa wurinsa ba ya nufin mutum ya haukace. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta tanadi kare sirri da mutuncin masu neman irin wannan magani.

Kada a kai kowa inda ake ɗaure mutane da mari ko a yi musu duka, ko da an kira wurin gidan addu'a. Mun ga abin da aka tarar a gidajen mari da 'yan sanda suka buɗe a Kaduna da Daura a 2019. Sarƙa ba ta warkar da kowa.

Ga fasto: idan magana ta zo maka, kada ka yi alkawarin cewa ba wanda zai ji. Ka ce, "'Yata, ba zan kai sunanki bagade ba, amma ba zan yi shiru kina taɓa marasa lafiya a wannan hali ba. Gobe mu je tare wurin shugabar ma'aikatan jinya, ki nemi hutun rashin lafiya." Wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci a kan wanda aka kama. Ka zaɓi mutum biyu masu riƙe sirri, mace ga mace, namiji ga namiji, su riƙa ganinta kowane mako, ba na wata ɗaya ba, na shekaru. Idan dattawa sun ga horo ya wajaba, a sa masa iyaka da sharuɗɗan ƙarewa, a tuna da gargaɗin 2 Korintiyawa sura 2 cewa baƙin ciki mai yawa yana iya haɗiye wanda aka hora. Ikilisiya kuma ta taimaka da kuɗin mota zuwa Kano, da kuɗin gwaji, da hatsi ga yara.

Ga 'yan'uwanmu shugabannin asibitoci da ɗakunan shan magani, har da na ikilisiya: mutum biyu su ƙirga magungunan kabad ɗin DDA a kowace miƙa aiki, su sa hannu tare. A lura da wanda kullum shi ke neman ya yi wa masu ciwo allura, wanda kwalabe ke yawan fashewa a hannunsa, wanda majinyatansa ke kukan allura ba ta yi musu aiki, wanda ke daɗewa a banɗaki, ko ke zuwa asibiti ranar hutunsa. Alama ɗaya ba hujja ba ce, a rubuta abin da aka gani da kwanan wata, kada a bi jita-jita. Idan za a yi gwajin fitsari, a gaya wa masu gwajin maganin da ake nema, domin gwajin da aka saba yi ba lallai ya nuna penta ko tiramol ba. Ku kuma da kuke cikin ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, ku kai wannan magana taronku, ku nemi a tsara hanyar sa ido da maidowa a rubuce.

Ga iyali: komawa ruwa yakan faru, ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Amma ku sani, bayan mutum ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ba ya iya ɗaukar awon da ya saba, idan ya koma wa tsohon awo numfashinsa yana iya tsayawa. In kun ga barci mai nauyi da numfashi sama sama, ku garzaya asibiti, kada ku tsaya jin kunya.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da kuke karanta wannan da kwalba a aljihun farar riga: kun kwana a kan 'ya'yanmu, kun karɓi haihuwar matanmu, ba mu manta ba. Yanzu ku ne kuke bukatar jinya. Ku faɗa wa mutum ɗaya a wannan mako, ku miƙa makullin kafin a karɓe shi daga hannunku. Ubangiji Yesu, wanda ya zo domin marasa lafiya, ya ba ku ƙarfin hali, mu kuma ya ba mu alherin tsayawa tare da ku har ranar da za ku koma bakin aiki. Amin.